Yanda zaku kai darasin kwayoyin cuta makarantun firamare a Kaduna

Duk shekara zakaga daliban KASU ko Kad Poly, ko masu bautar kasa, ko kungiyar matasan unguwa sun shiga wata makaranta da sunan wayar da kai akan tsafta. Niyyar mai kyau ce wallahi, amma yawanci yanda ake yi shine a tara yara a filin asembli rana na dukansu, mutum daya ya rike lasifika yayi ta bayani har na rabin awa, a ce "kun gane?" su ce "eeeh", a dauki hoto a tafi. Yaron nan bai taba ganin kwayar cuta ba, an dai ce masa akwai wani abu a hannunsa, ya duba hannun yaga fes, toh me zai sa ya yarda? Gani ya kori ji. In zaku yi aikin nan ku tsara shi yanda yaro zai gani da idonsa ya taba da hannunsa, kuma kar ku bar makarantar sai kun bar musu wajen wanke hannu. Ga yanda zaku bi.

Na farko, izini da yardar iyaye

In makarantar LEA ce ku fara zuwa wajen hedimasta da kanku, ku gaisa da kyau, "ranka ya dade ga abinda ya kawo mu", shi zai fada muku inda takarda zata bi, ko ofishin Sakataren Ilimi na karamar hukuma ko SUBEB, wato hukumar ilimin bai-daya ta jiha. Ku lura da karamar hukumar da makarantar take, Kawo tana Kaduna ta Arewa, Tudun Wada tana Kaduna ta Kudu, Rigasa kuma Igabi ce, kar ku kai wasika inda bata dace ba. In sakandare ce ta gwamnati Ma'aikatar Ilimi ce, in mai zaman kanta ce mai makarantar, in Islamiyya ce shugaban malamai da kwamiti.

A cikin wasikar da kuma bakinku ku fadi abu uku karara: ba allura, ba raba magani, ba daukar jini. Wannan ba karamin abu bane a wajen mu. Mutane basu manta da gwajin maganin da aka yi akan yara a Kano lokacin annobar sankarau ta 1996 ba, kuma a 2003 sai da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa saboda jita-jita. Uwa taji an ce wasu masu farin kaya sun shiga makaranta zata iya zuwa ta janye danta kafin ku bude baki. Don haka ku roki hedimasta ya sanar da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, ko PTA tun da wuri, in da hali a gayyato mutum biyu daga cikinsu su zauna a bayan aji, kuma ni a shawarata ku bar farar rigar lab a gida.

Na biyu, ku leka makarantar kafin ranar

Kuje lokacin tara, ku tsaya ku kalla. Ina masai yake, yana aiki ko a kulle yake yara na zagayawa bayan aji? Ina ruwa, rijiya ce ko burtsatse ko sai an siyo wajen mai garuwa? Me ake siyarwa a bakin get, awara, dan wake, kankarar zobo, a rufe ko kuda na bi? Abinda kuka gani shine zai zama misalanku a aji. Kuma in kun tarar babu ruwa sam, toh babu amfanin ku ce wa yaro ya rika wanke hannu sau biyar, sai kun fara tunanin jarkar wanke hannu da zamu zo kanta a gaba.

Ku zabi aji daya ko biyu, aji 4 zuwa 6 sun fi dacewa. Makarantun Rigasa da Tudun Wada akwai cunkoso sosai, in ajin ya cika makil ku raba su gida uku ko hudu kowane rukuni da mutum daya daga cikinku. Kar ku saka ranar Juma'a, kar ku saka satin jarabawa. Kuma ku nemi rana biyu, tsakaninsu kamar kwana 10, zakuji dalili a gaba.

Na uku, kaya

Basu da yawa kuma duk ana samu a Kasuwar Gumi ko ma shagunan unguwa: sabulu, baselin, garin gawayi da aka tankade, jarka mai lita 5, igiya, kusa, kyandir, buta, roba, burodi mai yanka-yanka, leda mai zif, selotef, maka, yis na burodi, kindirmo kadan, da wake ko tsakuwa gwangwani daya. Abu daya mai wahala shine madubin ganin kananan halittu, wato maikiroskof. Ku tambayi sashen nazarin halittu na jami'a ko poli ko wata sakandare mai dakin gwaji, ku nemi aro tare da wanda ya iya sarrafa shi, ya fi a baku ku kadai. Ku tambaya ko yana bukatar wuta, saboda ajin da zaku shiga da wuya a samu soket mai aiki, mai madubi da ke karbar hasken rana ya fi muku. Akwai kuma Foldscope, madubi ne na takarda da Manu Prakash da abokan aikinsa suka kirkiro a jami'ar Stanford ta Amurka, yana kara girman abu kusan sau 140, yana da araha kuma ana hada shi da kyamarar waya.

Na hudu, cikin aji

Kar ku fara da bayani, ku fara da tambaya. "Waye cikinsa ya taba ciwo? Me ya jawo?" Zakuji amsoshi, danyen mangwaro, sanyi, iska, wani ya ce kaninsa na gudawa saboda hakori. Ku rubuta duk a allo kuma dan Allah kar wanda yayi dariya, abinda suka ji a gida ne, in kun raina amsar kun raina mahaifiyarsa kenan. Maganar hakorin ma zaku dawo mata daga baya, lokacin da jariri ke hakori shine lokacin rarrafe, duk abinda ya tsinta a kasa baki yake kaiwa, ga kuma an fara bashi abinci banda nono, ta nan kwayoyin ke shiga.

Sai wasan gawayi, wannan shine zuciyar darasin, ku bashi lokaci. Ku nemi yaro daya da ya daga hannu da kansa, ku shafa masa baselin kadan a tafi, ku barbada garin gawayi ya murza. Ya gaisa da mutum uku, su ukun kowa ya gaisa da wasu ukun, shi kuma ya bude kofa, ya ari fensir, ya dauki buta, ya dafa benci. Bayan minti biyu ku ce kowa ya daga hannu sama. Zakuga aji ya rude, wani na nuna bakin da ke hancin abokinsa, wata na duba hijabinta, har wanda bai gaisa da kowa ba zai ga baki a yatsarsa don ya dauki fensirin. Anan ne zaku ce musu kwayar cuta haka take yawo, bambancin kawai ita ba'a ganinta.

Yanzu wanki, kuma kashi uku zaku yi. Rukuni na farko su wanke a roba daya, daya bayan daya, yanda ake yi a gida kafin cin tuwo, ku bari kowa ya leka ruwan bayan mutum na biyar. Na biyu a zuba musu ruwa da buta amma ba sabulu, zasu ga baselin din ya ki fita, baki ya makale tsakanin yatsu. Na uku sabulu da ruwan buta, su cuda tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa, karkashin farce, akalla dakika 20, ku sa aji su kirga da karfi. Ku jera hannayen a gaban aji su yara su yanke hukunci. In sun tambayi dalili, sabulu bangarensa daya yana kama maiko dayan yana kama ruwa, sai ya dago dattin da kwayoyin daga fata ruwa ya tafi dasu. Ku kuma yi maganar buta kai tsaye ba kunya, tsarki da ruwa abu ne mai kyau amma hannun da yayi tsarkin yana bukatar sabulu. A Islamiyya malamin zai taimake ku da hadisin da ya ce tsarki rabin imani ne, da wanda ya ce in mutum ya tashi daga barci kar ya tsoma hannu a kwarya sai ya wanke sau uku. A makarantar da ke hade da Musulmi da Kirista, kamar yanda suke da yawa a Kaduna, ku bar malaman makarantar su kawo nasu misalan ku ku tsaya akan kimiyya.

Akwai wani wasa da ke yawo a TikTok, a barbada barkono a ruwa a tsoma yatsa mai sabulu barkonon ya watse wai kwayoyin cuta ne ke gudu. Yana da ban sha'awa amma ba abinda ke faruwa kenan ba, sabulun ne ya sassauta saman ruwan, kwayar cuta bata gudun sabulu, sai an cuda an dauraye. Ni bana son a koya wa yaro abinda zai zo ya gano ba haka bane, ku bar shi.

Daga nan sai lissafi da wake. Wasu bakteriya, wato wani nau'in kananan halittun da ido baya gani, in sun samu dumi da abinci suna rabuwa biyu duk minti 20. Ku ajiye kwayar wake daya a tebur, sai 2, sai 4, sai 8, yara na kirgawa, kafin ku kai zagaye na goma gwangwanin ya kare sai ku koma allo. A awa 7 guda daya ta haura miliyan 2. Ku tambaye su, shinkafa da waken da aka dafa da daddare aka bari a bude cikin zafin watan Afrilu, in aka ci da safe ba'a dumama sosai ba fa? Su zasu baku amsa.

Sai madubi. Tun a gida ku shirya abu uku: ruwan kududdufi mai gansakuka a kwalba rufaffiya, yis da aka jika da ruwan dumi da sukari, da digon kindirmo da aka sirka da ruwa. Na kududdufin shine ke daukar hankali, digo daya zakaga abubuwa na iyo suna juyi suna karo da juna, yaro zai dago kai ya kalle ka ya sake lekawa. Ku dora kyamarar waya akan idon madubin yanda mutum biyar zasu gani lokaci daya in ba haka ba layin ba zai kare ba. Babba daya ne kawai zai taba ruwan kududdufin kuma ya wanke hannu a gabansu. Kar ku kawo jini, ko bayan gida, ko majina, ko kadan. Ku fada musu gaskiya kuma, ba duk abinda ke iyo din ne ke sa cuta ba, sannan su bairos irin masu kawo kyanda da shan inna da mura sun yi kankantar da wannan madubin baya nuna su.

Yayin da ake layi ku basu labarin wanda ya fara gani. Antonie van Leeuwenhoek, dan kasuwar yadi ne a garin Delft na kasar Holan, baiyi jami'a ba, shi yake goge gilasansa da kansa, a shekarun 1670 da 1680 ya rika leka ruwa da dattin hakori yana ganin kananan halittu yana rubutawa. Yara na son wannan labarin saboda mutumin kamar masu yadin da suke gani a Kasuwar Barci ne. In manya ne ku kara da Ignaz Semmelweis, likita a Biyana babban birnin Ostiriya, a 1847 ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taba masu haihuwa, mutuwar mata ta ragu sosai a sashen, amma duk da haka likitoci da yawa na zamanin suka ki yarda dashi.

Kar ku bar su da tsoro kawai. Yis din da suka gani shi ke tada burodi da fanke, bakteriya ce ke maida madara kindirmo, ita ke nunar da daddawa, ita ke sa kamu yayi tsami a dama koko, kuma a cikin hanjin kowa akwai masu amfani birjik. Yaron da aka tsoratar dashi kawai zai koma gida yana kyamar abincin mamarsa, ba abinda muke nema kenan ba.

Kafin ku tashi ku hada gwajin burodi. Yanka hudu, leda hudu. Na daya a dauka da cokali mai tsafta a saka ba wanda ya taba, na biyu ya zaga hannun yara da suka dawo daga wasa, na uku a taba da hannun da aka wanke da sabulu, na hudu a goga a marikin kofa ko hannun buta. A diga ruwan da aka tafasa ya huce kadan a kowanne, a zuge, a like da selotef, a rubuta suna da kwanan wata, a manna a bango inda rana bata bugawa. Malamin aji ya sa su rika zana abinda suka gani kullum. Da damina yana saurin yin fumfuna, da hunturu yana jinkiri, kuma burodin gidan burodi na unguwa ya fi na kamfani sauri.

Na biyar, wajen wanke hannu

Wannan kar ku tsallake shi ko lokaci ya kure. Ku kafa sanda biyu masu gwafa, ku gitta daya a sama. Ku gasa kusa a kyandir ku huda jarkar a gefe, kasa da murfi kamar tsawon yatsa. Ku rataye ta da marikinta a sandar sama, ku daura igiya a wuyanta, daya bakin igiyar ku daura a wata sanda da zata kwanta a kasa bakinta daya a dage. In an taka sandar jarka zata karkata ruwa ya zubo siriri, ba wanda ya taba komai da hannu. A huda sabulu a rataye da igiya, a kifa masa gwangwani saboda ruwan sama da awaki, a haka dan rami a kasa a zuba tsakuwa kar wajen ya zama tabo. Yara ne zasu hada, ku ku tsaya kuna nuni, banda kusar mai zafi. Daya kusa da masai, daya kusa da inda suke cin abinci. Malamin aji ya tsara wanda zai cika jarka kowace rana, maza da mata, kar a dora wa 'yan mata kadai.

Na shida, komawa

Ranar da kuka dawo burodin ne zai yi magana. Yawanci na hannun wasa da na kofa zasu yi kore da baki, na sabulu kadan, na cokali kusan fes. In ya fito akasin haka kar ku boye, ku tambaye su me suke ganin ya faru, ko ledar ta bule ne, ko wanda ya wanke hannun ya goge a riga, wannan ma kimiyya ce. Kar a bude ledar ko kadan musamman saboda masu asma, a hada su a rufe a binne ko a kona.

Ranar ce kuma zaku zana musu hanyar da cuta ke bi daga kashi zuwa baki: yatsu, kuda, ruwa, kasa, abinci. Kwalara, taifot, tsutsar ciki, shan inna duk ta nan suke bi. Ku basu labarin John Snow, likitan da a 1854 ya bi gidajen da kwalara ta kashe mutane a wata unguwa a Landan ya gano yawancinsu famfo daya suke diba, aka cire hannun famfon. Sai ku tambaye su rijiyar gidansu taku nawa ce daga masai. Ruwan sha in ana shakka a tafasa shi ya yi ta bararraka na minti daya, ko a saka WaterGuard yanda aka rubuta a jikin kwalbar, a rufe randa, moda daya a rataye ba kowa da kofinsa ba. In makarantar na kusa da Kogin Kaduna ko wani rafi ku yi maganar tsargiya, tsutsarta na fitowa daga dodon kodi a cikin ruwa ta shiga ta fata lokacin wanka, alamarta jini a fitsari, ba alamar girma bace kamar yanda wasu yara maza ke fada wa juna, kuma tana da magani a asibiti.

Ga 'yan aji 5 da 6, da yawansu su ke rainon kanne, ku nuna musu hadin ruwan gishiri da sukari a gabansu: lita 1 na tsaftataccen ruwa, karamin cokali 6 na sukari a shafe, rabin karamin cokali na gishiri, in akwai ORS na leda ya fi, kuma abinda ya kwana a zubar a hada sabo. A cigaba da shayar da nono, ma'aikacin lafiya zai kara da zinc na kwana 10 zuwa 14. In yaro ya kasa sha, ko ido ya zurma, ko akwai jini a kashi, ko ya galabaita, asibiti kai tsaye. Ku fada musu kafso ja da yalo da ake siyowa a kemis ba maganin kowace gudawa bane, baya kashe bairos, kuma yawan shansa barkatai ke sa kwayoyin su daina jin magani. Ku ce su tambayi mama ina katin rigakafin kaninsu, tun 2022 aka saka rigakafin rota mai kare jarirai daga gudawa cikin jerin na kyauta, kuma da rigakafi ne aka kai ga ayyana Najeriya da Afirka sun rabu da asalin kwayar shan inna a watan Agusta 2020. In zaku iya ku gayyato ma'aikaciyar lafiya daga karamin asibitin unguwar ta amsa tambayoyin magani, ku ba likitoci bane, kar ku duba yaro kar ku rubuta magani.

Abu biyu da nake rokonku. Kar a fito da yaro gaban aji a nuna farcensa ko makeron da ke kansa, a ja shi gefe a fada wa malami cikin sirri. Kuma kar a saka fuskar yara a Facebook ba izinin makaranta da iyaye, hoton hannaye da jarka da burodi ya isa.

Lokacin da ya fi dacewa shine gab da damina kafin kwalara ta fara, ko kuma ku hada da ranar wanke hannu ta duniya 15 ga Oktoba, ko ranar bandaki 19 ga Nuwamba, hedimastoci sun fi saurin amincewa a irin ranakun. Maganar sabulu kuma ku zauna da SBMC ku tsayar tun kafin ku tafi, wa zai siya, duk sati nawa, a wajen wa za'a ajiye, don wanda kuka kawo ba zai wuce sati biyu ba. Bayan wata daya mutum daya daga cikinku ya biya lokacin tara ba tare da sanarwa ba, ya duba ko akwai ruwa a jarka, ko tsakuwar kasa a jike take, ko sabulun ya rage. In ya tarar igiya ta tsinke ya gyara tare da yaran, in sabulu ne babu ya koma wajen shugaban kwamitin, in komai na tafiya sai ku nemi aji na gaba.